Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Motoci da Darajarsu

(Jawabin da aka gabatar a taron makon al'adu na Ƙungiyar Ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan tsofaffin motoci da masu sha'awar tara su. Na san wasunku za su ce a ransu, ina ruwan ɗan Jega ko ɗan Maiyama da wannan sha'ani na attajiran Turai? To, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, domin maganar ta shafe mu ƙwarai.

Bari mu fara da can inda abin ya samo asali. A shekarar 1886 ne Karl Benz na ƙasar Jamus ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, kuma tun ba a daɗe ba Turawa suka fara adana motocin farko. A Ingila, kowane watan Nuwamba akan yi jerin gwano daga London zuwa Brighton, ba a kuwa yarda wata mota ta shiga sai wadda aka ƙera kafin 1905. A watan Mayu na 2022 aka sayar da wata Mercedes-Benz ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, saboda guda biyu tak aka taɓa yin irinta. Ga al'adar masu wannan harka, mota ba ta shiga sahun kayan tarihi sai ta kai shekara 30.

Me suke nema a jikin mota har suke zuba wannan dukiya? Abu uku ne. Na ɗaya, ƙarancinta. Na biyu, kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta, watau injinta na asali, lambar injin ta dace da takardunta, kujerunta da fentinta ba a sauya su ba. Na uku kuwa, wanda ya fi su duka, shi ne labarinta: wa ya hau ta, ina ta je, me ya faru a cikinta.

Wannan na ukun muna da shaidarsa a nan gida. Duk wanda ya shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, zai ga baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Ƙarfe ne da gilashi, amma yaron da ya tsaya gabanta minti biyar ya fi wanda ya haddace shafi goma fahimtar abin da ya auku a ranar. Gani ya kori ji.

Sai dai tarihin ƙasa bai tsaya kan shugabanni kaɗai ba. Ku dubi garin Jega. Tun ƙarni na 19 kasuwarsa ta shahara wurin fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro, da jakunansu da takarkarinsu. Da zamani ya juya, mota ta karɓi kayan jaki, Jega kuma ta zama mararrabar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Wace mota ce ta yi wannan aiki? Tsofaffin manyan motoci masu bodin katako, irin su Bedford da Mercedes, da kuma a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda ta sha ɗaukar buhunan albasar Aliero har bayanta yana neman taɓa ƙasa.

Sa'an nan ga uwa-uba, Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a wannan shekarar kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Faransawa sun daina yin ta a ƙasarsu tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har 2006. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya daga tasha zuwa tasha, ita ta kai amare ɗakunansu, ita ta kai marasa lafiya asibiti. Hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaura ta. Idan akwai motar da ta cancanci mu kira ta tamu, to, ita ce.

Yanzu ina suke? Ku leƙa bayan garejin kowane bakanike, za ku gan su kwance bisa duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Ƙarshensu 'yan gwangwan su zo da guduma da abin yankan ƙarfe, a auna su a kan sikeli, a biya kuɗin kilo. Ba na zargin mai sayarwa, don talauci ba ya jiran tarihi. Amma motar da aka narkar ba ta dawowa, alhali kuwa Allah ya ba mu abin da Turawa ba su da shi. Su babban maƙiyinsu tsatsa ne, saboda damshi da gishirin da suke zubawa a kan tituna lokacin ƙanƙara. Mu ƙasarmu busasshiya ce, ƙarfe yana daɗewa. Abin da ke cin motarmu shi ne rana, wadda ke ƙona fenti da roba, da ƙura, da kuma sakaci. Rumfa ɗaya ta kwano tana maganin yawancin wannan.

Akwai hasarar da ta fi ta ƙarfen, ita ce ta ilmi. Tsohon bakanike yakan kasa kunne ga kukan inji ya faɗa maka inda ciwon yake. Yakan kwance kafireta ya wanke ya mayar, ya ƙera abin da babu a kasuwa. Motocin yau kuwa sai an jona musu kwamfuta kafin a san cutarsu. Mutanen Kuba, da takunkumin Amurka ya hana su kayan gyara tun farkon shekarun 1960, da irin wannan basira suka riƙe motocinsu na shekarun 1950, har suka zama abin da baƙi ke zuwa kallo a Havana. Namu gwanayen kuwa suna tsufa, babu mai rubuta abin da suka sani.

Saboda haka ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Da fari, mu nemi a-kori-kura ɗaya ko Fijo ɗaya mai injinta na asali da takardunta, mu saye ta da karo-karo kafin 'yan gwangwan su riga mu. Na biyu, ɗaliban injiniya su gyara ta ƙarƙashin jagorancin tsohon bakanike, a biya shi hakkinsa, a kuma girmama shi kamar kowane malami. Kada a yi mata kwalliyar da ba ta san ta ba, a bar ta yadda take, har da rubutun hikima da direbanta ya sa aka yi a bayanta. Na uku, ɗaliban Hausa da na tarihi su bi tashoshin Jega da Aliero da Maiyama, su ɗauki muryoyin tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da yaran mota, su ji yadda hanya take kafin kwalta, da abin da ake biya, da kwana nawa ake yi zuwa Legas da albasa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a jiharmu. A Argungu an mayar da tsohuwar fadar sarki Gidan Tarihin Kanta tun 1958, aka adana makamai da tambura da kayan kamun kifi. Waɗanda suka yi haka ba su jira sai kayan sun ɓace ba. Abin da takobi da sulke suke ga zamanin kakanninmu, shi ne sitiyari da giya ga zamanin iyayenmu.

Ina fata kafin wannan shugabanci ya sauka, a kafa kwamitin da zai fara neman motar. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama lafiya.