Ciwon Hantsa: Mu Tsare Karsana Tun Ba Ta Haihu Ba

Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiyar ƴan gari

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Kano, da Agadas, da Libiya, waɗanda takardar nan za ta iske, muna gaishe ku da aiki.

Mu malaman lakwal ba makiyaya ba ne, kuma ba mu zo koya wa manya kiwo ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, suka sake tada garke daga karsana ɗaya, sun fi mu sanin darajar saniya, mu da ko haihuwarmu ba a yi ba a lokacin. Abin da ya kawo mu shi ne wata asara da muke gani a gidajenmu. Yaro zai yi shekara biyu yana wahala a ƙasar wasu, ya aiko da kuɗi, a tafi kasuwar Bakin Birji ko Kundumawa a sayo karsana. A yi ta ɗawainiyar harawa da dussa, ta ɗauki ciki wata tara. Ran da ta haihu, sai a iske gefe guda na hantsa ya kumbura, ya yi tauri, ba abin da ke fitowa sai ruwa da gudaji. Wannan shi ne ciwon hantsa, wanda ake kira mamit da Faransanci.

Mu gane abu guda. Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da ƙofarsa, wato kan nono. Ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani ta ƙofar nan suke shiga. In aka bar su suka ci ɗaki guda, sau da yawa ya mutu ke nan har ƙarshen ran saniyar. Kashi ɗaya cikin huɗu na hantsa ya tafi tun haihuwar fari, kuma ran da aka kai ta kasuwa dillali zai gani. Ko Azawak ce irin ta Tukunus, nono uku ba ya zama huɗu.

Da yawa muna zaton saniyar da ake tatsa ce kaɗai ke kamuwa. Ba haka ba ne. Karsana na iya ɗaukar cutar tun ba a taɓa tatsarta ba, ta kwanta shiru sai ranar haihuwa. Saboda haka ga abin da za mu kula da shi.

Na farko, kaska. Da damina takan maƙale a hantsa, ta bar miki, wani lokaci har ta lalata kan nono. Mu riƙa durƙusawa muna dubawa ko sau biyu a mako. Kada a fizge ta da ƙarfi bakinta ya tsaya cikin fata. A sa maganin da likitan dabbobi ya nuna.

Na biyu, ƙuda. Shi ke tashi daga mikin wata saniya ya sauka kan nonon karsana. A kwashe taki kullum a kai gona, can ya fi amfani, kuma a yi hayaƙi da marece.

Na uku, turke. Karsana mai tsohon ciki kada ta kwana cikin taɓo da kashi. A kafa mata turke a tudu, a zuba rairayi busasshe. Rairayi dai ba a saye a ƙasar Damagaram.

Na huɗu, maruƙa. Wanda ya saba tsotsar nonon ƴar'uwarsa maraƙa ko na karsana, a raba su, don yana buɗe ƙofar da ya kamata ta zauna a rufe.

In ta haihu lafiya, aiki ya koma hannun iyayenmu mata da yara masu tatsa. A bar maraƙi ya sha dakashi ya ƙoshi, shi ne garkuwarsa. A wanke hannu da sabulu kafin tatsa, kada a jiƙa shi da miyau ko da madara. A fara da karsana mai sabuwar haihuwa, sannan manyan shanu, mai ciwo a ƙarshe, domin hannun mai tatsa ne ke kai cuta daga wannan zuwa waccan. Tatsar farko ta kowane nono a zuba ta cikin baƙin akushi: in akwai gudaji, ko jini, ko madarar ta tsinke, nan take za a gani. Bayan an gama, ƙofar nono ba ta rufewa sai an yi kamar rabin awa. A zuba wa saniya abinci don ta tsaya, kada ta kwanta cikin ƙazanta.

In kuwa ciwo ya bayyana, hantsa ta yi zafi, saniya na harbi, kada a jira ranar kasuwa. A tatse nonon mai ciwo sau da yawa a yini, a zubar nesa, a kira likitan dabbobi ran nan. Allurar da ake shanyawa a rana bakin kasuwa, mu bar ta. In an yi allura, a tambayi likita kwana nawa za a yi kafin a sha madarar. Kafin su cika ba ta yara ba ce, ba ta saye ba ce, ko kindirmo ba ta kamawa sosai. A kullum kuma a tafasa madara kafin a ba yaro.

Ƴan'uwa da ke nesa, in kun aiko da kuɗin karsana, ku haɗo da na sabulu da maganin kaska. Wanda aka ba habbanaye kuma, amana ce: ya maida ta da nononta huɗu kamar yadda ya karɓa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya maido matafiyanmu lafiya.