Tanda Da Wuta: Jawabi Ga Matan Ƙungiya



Maganarmu ta yau ta tanda ce. Duk mai tuyar masa ta san wannan asara: gurbin tsakiya ya ƙone, na gefe ƙullu bai nuna ba. Sai a ƙara ice, a ƙara mai, riba ta bi hayaƙi. Ga shi kuwa ice ya yi mana nisa. Tun farin 1973 da na 1984 dajin ƙasar Gure ya ragu, rairayi yana cin gonaki.

Ku sani, kowane kasko da halinsa. Na yumɓu, irin aikin da aka san Mirya da shi, yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri. Alminiyam, wanda ake zubin tukwane da shi, ya fi baƙin ƙarfe saurin watsa zafi ninki uku ko fiye. Saboda haka mai kaurinsa yakan raba zafi ko'ina. Kaskon da aka yanko daga ganga kuwa, shi ne sarkin ƙuna. Ba shi da kauri, inda harshen wuta ya lasa nan kaɗai ke zafi. In za ku saya, ku ɗaga ku ji nauyi, kada arha ta ruɗe ku.

Ga abu huɗu da za ku riƙe.

Na ɗaya, a ɗora tanda tun kafin a buga ƙullu, a bar zafi ya ratsa ta har gefe.

Na biyu, tuya da garwashi ake yi, ba da harshen wuta ba. A baza garwashin ya kai faɗin tanda, a ɗan fi tara shi a gefe, don tsakiya ba ta rasa zafi.

Na uku, a tare iska. Iskar hunturu tana kora wuta gefe ɗaya. A kewaye murhu da laka, a bar ƙofar ice. Amfanin murhun ƙarfe Mai Sauƙi ke nan, wanda aka fara yaɗawa a Nijar a shekarun 1980.

Na huɗu, a gwada. A barbaɗa ɗan gari a busasshiyar tanda bisa wuta. Gurbin da ya riga yin ja shi ne mai cin masa. In an gane shi, sai a riƙa juya tanda, shi kuma a zuba masa ƙullu daga ƙarshe, a riga kwashe shi.

Wannan duk ba ya cin ko dala, sai haƙuri. Mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse. Kowace ta gwada a gida, a taro mai zuwa mu ji icen da ya rage mata.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Wassalam.