Sanyin da ake bukata kafin a ga siffar furotin

Yau a filinmu na kimiyya za mu leƙa birnin Girenobul na Faransa. A can akwai wata na'ura mai siffar zobe, kewayenta mita 844, ana kiranta sinkirotoron, kuma tun 1994 masana ke aiki da ita. Tana fitar da haske irin na hoton ƙashi na asibiti, sai dai ƙarfinsa ya wuce misali. Da shi ake gano siffar furotin, wato ƙananan sinadaran da ƙwayar cuta ke rayuwa da su. In an san siffar, a nan ake fara neman maganin da zai toshe ta.

To, matsalar ita ce zafi. Kafin hasken ya isa ga samfurin, sai ya bi ta kan wani dutsen silikon da ke tace shi. Zafin kan sa dutsen ya lanƙwashe, shi ya sa ake zagaya masa ruwan naitirojin mai sanyin kusan digiri 196 ƙasa da sifili, dare da rana. Shi kansa samfurin ana hura masa iska mai digiri 173 ƙasa da sifili, in ba haka ba hasken ya lalata shi nan da nan.

Injin da ke wannan aiki, ka san inji, tsufa yake yi. Famfonsa ya fara kakkarwa, hasken ma ya yi ta rawa, awo ya ɓaci. Kayan gyaransa su yi wuyar samu. Ranar da ya tsaya cak, dole a rufe layin, mai binciken da ya yi watanni yana jiran 'yan awoyinsa ya koma gida hannu rabbana. Don haka cibiyoyin ke sauya injinan a lokutan da suka kashe na'urar don gyara. Ni dai a ganina, kuɗin nan ya fi wuyar nema, don ba wanda ke yanka kyalle a bikin sabon famfo.

Ku lura, har yanzu babu sinkirotoron ko ɗaya a Afirka. Masananmu masu binciken zazzaɓin cizon sauro sai sun aika samfurinsu waje, a daskare cikin tulun naitirojin, su shiga layi kamar kowa.