Samaru Daga Bakin Iyaka: Jawabi Ga Ɗaliban Jibiya



Mun taru a Jibiya, inda hanyar Katsina ke miƙewa zuwa Maraɗi, domin mu tuna wa juna abin da ke tsakaninmu da tsohuwar harabar Samaru.

Samaru ta girmi jami'ar da ke cikinta. Tun wajen shekarun 1920 ake gwajin irin shuka a can, daga baya aka kafa kwalejin fasaha da kimiyya. A kan wannan harsashi aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna ya zama ubanta na farko. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya karɓi ragama daga hannun Norman Alexander, ya riƙe har 1975.

To, ina ruwan mutumin bakin iyaka da wannan? Ruwansa babba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata layin nan a 1904 da 1906, suka raba ƙasar Katsina da Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā suka zauna bayan jihadi. A Samaru Dokta Yusufu Bala Usman ya zurfafa binciken tarihin Katsina, littafinsa ya fito a 1981. Can kuma aka inganta irin wake da gyaɗa da dawa masu jure ƙarancin ruwa, kuma fari ba ya tsayawa a shingen kwastan.

An rufe iyakar nan a 2019, aka sake rufe ta a 2023, mun kuwa ga yadda kasuwa ta mutu, zumunci ya wahala. Ranar da irin wannan shawara ta zo teburinmu, wane ilmi za mu auna ta da shi in mun bar Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ya lalace?

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Ɗalibai su ɗauki al'amuran iyaka, cinikinta da nomanta da tarihinta, su yi bincikensu na kammala digiri a kai. Ma'aikata kuma su riƙa tsakurar wani abu daga albashi domin littattafai da gyaran ɗakuna. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.