Asalin Baƙaƙen Duwatsun Biu

Baƙaƙen duwatsun da suka lulluɓe tudun Biu a Jihar Borno narkakken dutse ne da ya daskare, kuma masana kimiyyar ƙasa na danganta su da jerin tsaunuka masu aman wuta da ya taso daga tsibirin Annobon a tekun Atlantika, ya bi ta Dutsen Kamaru. Ana gano asalinsu ta hanyar auna aisotof, wato nau'o'in sinadari guda waɗanda nauyin ƙwayar zarrarsu ya bambanta.

Sinadarin rubidiyam-87 yakan rikiɗe sannu a hankali ya koma sitirontiyam-87, kuma da yake tsohon ɓawon nahiya, wato shimfiɗar dutse ta saman doron ƙasa, ya fi can cikin ƙasa yawan rubidiyam, dutsen da ya narko daga ɓawon yakan zo da sitirontiyam-87 mai yawa. A ɗakin gwaji akan niƙe guntun dutse ya zama gari, a narkar da shi da asid, sannan na'ura ta rarrabe ƙwayoyin bisa nauyinsu.

Binciken da masana Fitton da Dunlop suka wallafa a 1985 ya nuna cewa duwatsun tsibiran wannan jerin tsaunuka da na kan nahiya kusan ma'auninsu ɗaya ne, abin da ba a zata ba ganin yadda ɓawon teku da na nahiya suka sha bamban, kuma hakan ya nuna tushensu yana ƙarƙashin ɓawon gaba ɗaya.