Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya Kan Zaɓen Bindigar Farauta

Shugaba, dattawa, iyayena da ƙannena, an ce in yi magana kan bindigar farauta, saboda samarinmu na Nguru da Gashuwa sun fara tambayar wacce za su saya don manyan namun daji.

To, tambayar farko ita ce, wace dabba? Giwa da ɓauna ba irin namanmu ba ne a nan. Masu harbinsu da izini a Tanzaniya, doka ba ta yarda su fita da abin da ya gaza .375 ba, harsashin da wani kamfanin Ingila, Holland & Holland, ya fito da shi a 1912. Mu kuwa abin da ke fadamarmu shi ne dinya, da kirinjijiya, da zabin daji, sai gadu mai ɓarnar gona. Barewa ta yi ƙaranci ƙwarai, ni dai a ganina a ƙyale ta ta hayayyafa.

Saboda haka wanda ya ce raifal yake so, ya fara sanin doka. Dokar makamai ta 1959 ta sa raifal ɗin soja, wato .303 da 7.62, cikin makaman da aka haramta wa farar hula. Bindiga mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa. Adaka kuma, ita ma ba a riƙe ta haka kawai, sai da takardar Kwamishinan 'yan sanda. Tun rikicin da ya tashi a 2009, wanda aka tare a hanya da bindiga ba takarda, ba zancen farauta za a yi da shi ba.

Shawarata, mai lamba 12 ta wadatar. Sirrin yana cikin harsashi ne. Lambar da ke jikin kwanso, in ta yi sama, ƙwayoyin dalmar ƙanana ne. Lamba 4 ta isa agwagwar ruwa, dinya kuwa sai BB, kuma kada tazarar ta wuce taku arba'in. Gadu fa? Nan ake kuskure. Mutum ya watsa masa harsashin tsuntsu, fatarsa ga kauri, sai ya tsere da rauni ya je ya ruɓe a rami, ko ya juyo da haurensa. Gadu sai dunƙulalliyar dalma guda, a kusa, a saitin bayan kafaɗa. Ko da namansa bai halatta gare mu ba, malamanmu sun karantar da mu cewa azabtar da dabba haramun ne. Wadda ake ci kuwa, a yi bisimilla lokacin harbi, in an riske ta da rai a yanka.

Adakar da aka haɗa da bututun famfo, don Allah ku rabu da ita. Albarushi in ya yi yawa, bututun yakan fashe a hannun mai shi, araharta ba ta kai yatsa ba.

Sai kuma inda za a harba. Dagona tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, farauta a ciki laifi ne. Tsuntsayen da ke sauka can da sanyi, wasunsu daga Turai suke tasowa, har mijin Sarauniyar Ingila ya zo ganinsu a 1989. Wajen gandun ma ƙasar tana da masu ita. Iyayenmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan layin dogo ya iso Nguru a 1930, Mangawa da Badawa suka ba su wurin zama. Duk mai shiga fadama ya fara gaida mai gari da sarkin baka, su nuna masa inda shanu da masunta suke, don dalma ba ta tsayawa inda ka so.

Wanda yake da bindiga a gida ba takarda, ya tsaya bayan addu'a mu tattauna yadda za a bi ta hannun hukuma.