West Indies: daga shekara 15 ba a doke su ba zuwa maki 27

Yau ba Firimiya za mu taɓa ba, don haka 'yan Arsenal da 'yan Man U kowa ya mayar da wuƙarsa cikin kube. Maganar kurket za mu yi. Na san da yawanmu a fim ɗin Indiya muka fara ganin wasan nan, musamman Lagaan na Aamir Khan, inda ƙauyawa suka kara da Turawan mulkin mallaka a kan haraji. To labarin yau ya so ya yi kama da wannan, sai dai shi da gaske ya faru, kuma har yanzu ba a kai ƙarshensa ba.

Ga wanda bai san wasan ba: kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangare ɗaya na jifa, ɗaya na bugu. Mai bugu yana tara maki, mai jifa yana neman fitar da shi. In an fitar da mutum 10, zagayensu ya ƙare. Akwai dogon wasa na kwana biyar da ake kira Tes, shi ne na asali, akwai na yini ɗaya, akwai kuma gajere na kamar awa uku da ake kira T20. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

A watan Yulin 2025, a filin Sabina Park da ke Kingston, babban birnin Jamaika, West Indies na neman maki 204 ta ci Ostireliya. Da maki 27 aka fitar da su gaba ɗaya. Bakwai daga cikinsu ko maki ɗaya ba su ci ba. A duk tarihin Tes, sau ɗaya kawai aka taɓa yin ƙasa da haka, lokacin da New Zealand ta tsaya a 26 a 1955. Abin ya kai hukumar kurket ta yankin ta kira taron gaggawa, ta gayyato tsofaffin gwarazanta, su Clive Lloyd da Viv Richards da Brian Lara, a zo a duba me ya faru.

Me ya sa abin ya yi ciwo haka? Sai kun san su waye West Indies.

Da farko dai ba ƙasa ba ce. Gamayya ce ta ƙasashe da tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika, Barbados, Tirinidad da Tobago, Guyana, Antiguwa da sauransu. In ka haɗa mutanensu kaf, ba su kai yawan mutanen jihar Kano ba. Mafi yawansu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, sai jikokin Indiyawan da aka kai aikin rake bayan an hana bauta. A 1958 sun gwada haɗewa su zama tarayya ɗaya, a 1962 abin ya watse. Cikin 'yan abubuwan da suka rage suna haɗa su akwai jami'arsu, akwai kurket. Don haka a wurinsu wannan ba wasa ba ne kawai.

Sun fara buga Tes a 1928, amma fa shekara da shekaru kyaftin sai farar fata, ko da kuwa baƙaƙen sun fi shi iyawa. Sai da marubucin nan C.L.R. James ya yi ta fafutika a jarida kafin a ba Frank Worrell jagoranci a 1960. Ku lura, shekarar da mu ma muka karɓi 'yanci ke nan.

Asalin labarin ya fara ne da wulaƙanci. A ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 sun je Ostireliya, wasu majefa biyu masu tsananin gudu, Dennis Lillee da Jeff Thomson, suka yi musu jina-jina, aka ci su 5 da 1. Clive Lloyd ya dawo gida ya ce to, mu ma haka za mu yi, amma namu huɗu ne. Aka nemo su Andy Roberts, Michael Holding, daga baya Joel Garner, Colin Croft da Malcolm Marshall. Ƙwallon kurket fa tauri ne da ita kamar dutse, kuma waɗannan mutanen suna jefo ta da gudun da ya kai kilomita 140 zuwa sama a awa. In wannan ya gaji, wancan ya karɓa. Babu hutu.

A 1976 suka je Ingila. Kyaftin ɗin Ingila, Tony Greig, haifaffen Afirka ta Kudu ne, a zamanin wariyar launin fata. Ya hau talabijin ya ce niyyarsa ya sa su rarrafe. Ku kwatanta: farar fata daga Afirka ta Kudu yana faɗa wa jikokin bayi haka. Suka ci Ingila 3 da nema, Viv Richards shi kaɗai ya tara maki 829. A wasan ƙarshe Greig da kansa ya durƙusa ya yi rarrafen a gaban 'yan kallo. A wajen baƙaƙen da ke tuƙin bas da aikin asibiti a Landan, suna shan raini kullum, wannan rana ta fi ƙarfin a ce wasa.

Sun ci kofin duniya na farko a 1975, suka sake ci a 1979. Daga 1980 zuwa 1995 sun buga jerin wasannin Tes 29 ba a doke su a ko ɗaya ba. A 1984 sun yi wa Ingila 5 da nema har gida, a nan ne Marshall ya karye a babban yatsa, ya fito ya yi bugu da hannu ɗaya, sannan ya fitar da mutum 7. Richards kuwa har ya yi ritaya bai taɓa saka hular kwano ba.

Masu musu za su ce ai Ostireliya ta Steve Waugh da Ricky Ponting ta fi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: sun ci Tes 16 a jere har sau biyu, sun ɗauki kofin duniya uku a jere, 1999, 2003 da 2007, ga Shane Warne ga Glenn McGrath. Dattawa kuma za su kawo maka ƙungiyar Don Bradman ta 1948. Ni dai ina tare da West Indies. Ostireliya ƙasa ce mai arziki, da makarantar horar da 'yan wasa da komai. Su kuwa waɗannan, yara ne da suka taso suna bugu da reshen kwakwa a bakin teku, suka riƙe duniya shekara 15.

To me ya ci su?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai yaran yanzu ba su da kishi, sun koma ƙwallon kwando da tsere, kuɗi kawai suka sani. Wannan waƙar mun saba jin ta, duk inda abu ya lalace sai a ɗora wa matasa. Amma mu duba tarihin.

Gwarazan can, yawancinsu a ƙungiyoyin Ingila suka goge: Lloyd a Lancashire, Richards da Garner a Somerset, Marshall a Hampshire. Wato wani ne ke yi musu horo kyauta. Hukumarsu ta ɗauka gwanaye za su ci gaba da tsirowa kamar ciyawa, ba ta gina komai ba, alhali Ostireliya ta buɗe makarantarta tun 1987. Sai kuma rigimar kuɗi. A 1998 'yan wasa suka zauna a otal a Landan suka ce ba za su wuce Afirka ta Kudu ba sai an gyara musu albashi, har sai da Mandela ya aiko musu da wasiƙa. Suka je aka ci su 5 da nema. A 2009 yajin aiki, aka kwaso wasu aka cike gurbi, Bangaladesh ta zo har gida ta ci su. A 2014 suka tattara kayansu suka bar Indiya ana tsakiyar gasa. A 2015 wani kwamiti da ƙungiyar ƙasashen yankin, CARICOM, ta sa hannu wajen kafawa ya ba da shawarar a rushe hukumar baki ɗaya. Ba a rushe ba.

Ana cikin wannan talauci ne wani Ba'amurke ɗan Texas, Allen Stanford, ya bayyana a Antiguwa da buhunan kuɗi. A 2008 ya sauka da jirgi mai saukar ungulu a filin Lord's na Landan, aka buɗe akwatin gilashi cike da daloli a gaban kyamara, ya sa dala miliyan 20 a kan wasa ɗaya tak. Manyan Ingila da na West Indies suna tsaye suna murmushi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina kuɗin suke. A 2009 asiri ya tonu: damfara ce ta kusan dala biliyan 7, irin wadda ake biyan na farko da kuɗin na baya, mun san irinta ai. A 2012 aka yanke masa shekara 110 a kurkuku.

Ita kuwa cuwa-cuwar cikin fili, ba West Indies kaɗai ta shafa ba. A 2000 'yan sandan Delhi suka naɗo muryar kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Hansie Cronje, mutumin da ake ganin kamilin gaske, yana hulɗa da dillalan caca. Aka dakatar da shi har abada. A 2010 wata jaridar Ingila ta ɗana tarko, aka kama 'yan Pakistan uku. Ba wasan duka suka sayar ba, jifa kaɗan ne kawai, a tsallake layi da gangan a lokacin da aka shirya. Kurket na da sauƙin sayarwa ta wannan hanyar, don ana caca a kan kowace jifa. Ƙaraminsu, Mohammad Amir, shekararsa 18, kuma kyaftin ɗinsa na cikin waɗanda aka ɗaure. A West Indies kuwa, Marlon Samuels, wanda shi ne gwarzon wasan ƙarshe a kofunan T20 biyu da suka ci a 2012 da 2016, an dakatar da shi shekara 2 a 2008, aka sake dakatar da shi shekara 6 a 2023. Ba na wanke kowa, wanda ya ci amana ya ci. Amma dillalin caca ya san inda yake zuwa: wajen yaron da ba a biya ba, wanda bai yarda da shugabanninsa ba.

Sai batun rabon arzikin duniya. A tsarin da hukumar kurket ta duniya ke bi daga 2024 zuwa 2027, Indiya na ɗaukar kusan kashi 38 cikin ɗari, West Indies ba ta kai kashi 5 ba. Alhali ita ce ke da tsadar tafiya, don ko wasan cikin gida za a yi, sai an hau jirgi daga wannan ƙasa zuwa waccan. A gefe guda kuma ga gasannin T20, irin IPL ta Indiya, inda ɗan wasa zai samu a wata biyu abin da hukumarsa ba za ta ba shi a shekaru ba. Nicholas Pooran, ɗaya daga cikin mafi iya bugu a yankin, ya ajiye buga wa West Indies a 2025 yana da shekara 29. Tsakani da Allah, in kai ne, da iyali a bayanka, wanne za ka zaɓa? A 2023 kuwa, waɗanda suka ci kofin duniya biyu na farko ko gurbin shiga gasar ba su samu ba, Zimbabuwe da Holan da Sikotilan duk sun doke su a wasannin share fage.

Amma gwanintar tana nan. A Janairun 2024 sun je Ostireliya da tawagar da manya da dama suka ƙi shiga. Cikinta akwai wani Shamar Joseph, daga ƙauyen Baracara a Guyana, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa. Ba da daɗewa ba kafin nan aikin gadi yake yi. A birnin Brisbane ƙwallo ta buge shi a yatsan ƙafa, da ƙyar ya fita daga fili. Washegari ya dawo yana ɗingishi, ya fitar da mutum 7, suka ci da ratar maki 8. Rabon da su ci Tes a Ostireliya tun 1997. Brian Lara yana ɗakin sharhi, sai da ya zubar da hawaye.

Wata 18 bayan nan, Shamar ɗin yana cikin mutum 11 da aka fitar da maki 27 a Kingston.

Nan za mu tsaya yau. Waɗanda suka san wasan, ku faɗa mini, Lloyd ko Waugh? Sai mun haɗu a shiri na gaba.